Hannun jarin kamfanin kifi ya faɗi warwas, in saya ko in bari? Ga yadda nake auna abin

Wani ƙanina ne ya turo min hoto a waya wajen sha ɗayan dare, jan layi ya gangaro tun daga sama har ƙasa kamar an saki guga a rijiya, ya rubuta a ƙasa wai "Yaya dubi wannan, kamfanin kiwon kifi ne a ƙasar waje, da can dala goma ake sayar da hannun jarinsa, yanzu ko dala ɗaya bai kai ba, in na zuba dubu ɗari biyu ya koma inda yake ai na warke." Na ce masa ya kwanta tukuna, da safe ma yi magana. Tunda manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka suka shigo, yaro yana zaune a ɗaki zai iya sayen hannun jari a kasuwar Amurka, kuma abin da ya fi jan ido shi ne wanda ya yi araha.

Ni dai na taɓa kiwon tarwada, ba mai yawa ba, tankuna huɗu a bayan gida, amma abin da na koya a wurin shi ne kan gaba a duk lissafin nan: kifi ba ya san ba ka da kuɗi, kullum sai ya ci. Kuma ba ka ganin ko sisi sai ranar da ka kwashe shi. Tarwada ma ke nan da wata huɗu zuwa shida ta isa kasuwa. Kifin salmon da manyan kamfanonin nan ke kiwo, daga ƙwai zuwa kilo 4 ko 5 yana cin shekara biyu zuwa uku. Saboda haka tambayar da za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe guda ɗaya ce, wa zai ciyar da kifin nan har ya girma, kuma me zai karɓa a madadin kuɗinsa? Sau da yawa abin da zai karɓa rabonka ne.

Mataki na farko, ka goge tsohon farashi daga kanka.

Wannan dala goman da ƙanina ke mafarki ba ta da wata alaƙa da yau. Ɗauki biro. Abu yana naira 100 ya faɗo 10, ya zubar da kashi 90 cikin 100, ka ce kai araha ta samu ka saya. Ya ƙara faɗowa naira 1. Kai ma da ka saya a 10 kashi 90 ɗin ka rasa, daidai da wanda ya saya a sama tun farko ya gudu a 10. Ba labari ba ne, hannun jarin Atlantic Sapphire, wani kamfanin kiwon salmon, a kasuwar Oslo ta ƙasar Norwe ya zubar da fiye da kashi 99 cikin 100 tsakanin farkon 2021 da 2024, kuma a kowane tsani na gangarowar akwai mutanen da suka ce shikenan an zo ƙasa. Araha ba ta ado. Abin da za ka duba shi ne darajar kamfanin gaba ɗaya, wato farashin hannun jari ɗaya sau adadin duk hannayen jarin da ke akwai, ka ɗora bashi a kai, ka cire tsabar kuɗin da ke asusu, wannan ne ainihin kuɗin da ake sayar maka da kamfanin.

Na biyu, ka gano ciwon daga waje ya zo ko a cikin gida yake.

Akwai faɗuwar da ta shafi kowa. Ranar 28 ga Satumba 2022 gwamnatin Norwe ta fito da shawarar ɗora wa masu kiwon salmon a teku ƙarin haraji na kashi 40, a yini ɗaya hannun jarin kamfanin SalMar ya faɗi kusan kashi 30, kamfanin Mowi da sauran su ma suka sha kashi. Amma kifinsu lafiya lau, suna sayarwa suna cin riba, daga baya a Mayun 2023 majalisa ta tsayar da harajin a kashi 25. Irin wannan rauni ne a jikin mai lafiya. Haka annoba, a ƙasar Cile cutar ISA da ta ɓarke a 2007 ta rage salmon ɗin da suke fitarwa da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, sannan a 2016 wata gansakukar teku mai guba ta kashe musu kifi sama da miliyan 20. Wanda yake da ƙarfin aljihu ya tsallake, mai bashi a wuya bankuna suka juya shi yadda suka so.

Sai kuma ciwon cikin gida, shi ne mai wuyar magani. Kamfanin da tunda aka kafa shi bai taɓa cin riba ba, wanda kuɗin samar da kilo ɗaya ya fi kuɗin da yake sayar da kilon, wannan ko farashin kifi ya tashi a duniya ba lallai ya tsira ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa, ka buɗe jadawalin farashin kamfanoni uku ko huɗu masu irin sana'arsa. In duka sun faɗi tare, iska ce ta kaɗa kowa. In shi kaɗai ne a ƙasa saura suna tsaye, toh ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, kuma nan nake so ka fi daɗewa, ka ƙirga watannin da suka rage masa.

Kar ka tsaya a kan hotunan tankuna masu sheƙi da suke sawa a shafinsu. Je ka nemo rahoton kuɗi. In kamfanin na Amurka ne, rahoton shekara sunansa 10-K, na wata uku-uku 10-Q, duka kyauta ne a rumbun EDGAR na hukumar SEC ta can. In na Oslo ne, sanarwarsu na fitowa a shafin intanet na Newsweb. Takardun na da tsawo, har shafi ɗari da wani abu, amma ba duka za ka karanta ba, lambobi uku kawai kake nema da farko: tsabar kuɗin da ke hannu, kuɗin da gudanar da aiki ya cinye a wata ukun da suka wuce, da kuɗin da gine-gine da sayen injina suka cinye. Haɗa biyun ƙarshe, ka raba na farko da su. Misali kawai, in akwai dala miliyan 12 a asusu, ana ƙone miliyan 6 duk wata uku, toh wata shida ya rage. Yanzu sai ka tambaya, kifin da ke cikin ruwa yaushe zai isa girbi da yawan da zai riƙe kamfanin? In amsar shekara ɗaya da rabi ce, akwai ramin shekara guda a tsakani, kuma dole wani ya cike shi.

Ka lura da tarko ɗaya, wani kuɗin ana rubuta shi a matsayin tsaba amma banki ya ɗaure shi jingina, ba a taɓawa, cire shi daga lissafinka.

Sannan ka danna wurin bincike a cikin takardar ka rubuta kalmomin nan guda biyu, going concern. In ka ga odita, wato mai binciken littafin kuɗi, ko shugabannin da kansu sun rubuta cewa akwai babban shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, ma'anarsa su da ke riƙe da littafin ba su da tabbacin za a kai wata goma sha biyu masu zuwa. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

AquaBounty shi ne darasin da nake ba kowa a nan. Kamfanin Amurka ne a kasuwar hannun jari ta Nasdaq, su ne masu salmon ɗin da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya yi saurin girma, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Nuwamban 2015. Labari mai daɗin ji. Suna da gona a Albany ta jihar Indiyana, da wurin ƙyanƙyasa a tsibirin Prince Edward na Kanada, sai suka ce za su gina katafariyar gona mai fitar da tan 10,000 a shekara a garin Pioneer na jihar Ohayo. Da farko aka ce aikin zai ci dala miliyan 200 da wani abu. Kiyasin ya yi ta hawa har ya doshi miliyan 500, a Yunin 2023 aka tsayar da ginin. Alhali a 2022 duk cinikin kamfanin bai kai dala miliyan 4 ba, asararsa ta haura miliyan 20. Daga nan sai sayar da kadara, gonar Indiyana ta tafi a 2024 kan dala miliyan 9.5, a Disambar shekarar suka sanar da rufe wurin ƙyanƙyasar, shugaban kamfanin ya sauka. Duk wanda ya zauna da kalkuleta a tsakiyar 2023 ya ga inda aka dosa, ba sai boka ba, lambobin suna nan a rubuce.

Na huɗu, ka duba sau nawa aka ƙara wa furar ruwa.

Kamfanin da kuɗi ya ƙare masa kuma banki ya ƙi ƙara masa, hanyar da ta rage ita ce buga sababbin hannayen jari ya sayar, yawanci a farashin da ya gaza na kasuwa don a samu masu saye. Ce akwai hannun jari miliyan 100, kana da miliyan 1, kashi 1 cikin 100 naka ne. Aka buga sababbi miliyan 400. Ba wanda ya taɓa naka, yana nan miliyan 1 cif, amma yanzu kashi 0.2 kake da shi. Ko kamfanin ya warke ya koma darajarsa ta da, kai ɗaya bisa biyar na abin da kake tsammani za ka gani. Nan ne mafarkin "zai koma dala goma" ke mutuwa, saboda a lokacin dala goma hannayen da ke cikin kwanon ba su kai haka yawa ba. Buɗe rahoton shekara biyar a jere ka rubuta adadin hannayen jari na kowace shekara a takarda, minti goma ya ishe ka. Atlantic Sapphire sun sha komawa wajen masu hannun jari neman ƙarin kuɗi, wanda bai da abin ƙarawa rabonsa ya yi ta ƙanƙancewa.

Akwai kuma haɗe hannayen jari. Dokar Nasdaq ce, in farashi ya zauna ƙasa da dala 1 kwana 30 na kasuwanci a jere sai a aiko da gargaɗi, yawanci a ba da kwana 180 a gyara. Dabarar da aka saba ita ce a dunƙule da yawa su zama ɗaya, AquaBounty sun mayar da 20 ya zama 1 a Oktoban 2023. Kamar a karɓi 'yan hamsin-hamsin guda ashirin ne a hannunka a ba ka dubu ɗaya guda, ba abin da ya ƙaru. In ka ga an yi wannan sau biyu cikin 'yan shekaru, ni dai a wurina an gama magana.

Na biyar, kifin kansa.

Wata rana da zafi, wajen watan Afrilu, wuta ta ɗauke da daddare, janareto ya ƙi tashi, famfon da ke sauya min ruwa ya tsaya. Da asuba na fita da tocila na tarar ruwan tanki ɗaya ya yi kumfa yana wari, tarwada sun taso sama suna haƙi, manyan cikinsu waɗanda suka fi cin abinci su ne suka fara juya ciki sama fari fat. Abincin wata huɗu na kwashe a bokiti kafin rana ta fito. Tarwada ke nan fa, mai taurin rai da take iya shaƙar iska a sama. Salmon ba ya da wannan haƙurin, ruwan sanyi yake so, ga buƙatar iskar oksijin ba dare ba rana.

Shi ya sa gonakin kan tudu masu juya ruwa ɗaya ana tacewa ana maimaitawa suke da haɗari na daban. Ba ƙwarƙwatar teku, ba guguwar da za ta fasa keji, amma rayuwar kifi dubu ɗaruruwa tana rataye da famfo da matata da injin sanyaya ruwa. Gonar Atlantic Sapphire tana Homestead kusa da Mayami a Fulorida, wurin zafi, a Maris 2021 sun rasa kifi kusan 500,000 a tashi ɗaya saboda matsala a tsarin tace ruwa, a Satumbar shekarar gobara ta cinye gonarsu ta Denmak, a 2023 kuma ɗumin ruwa ya hana kifin girma yadda aka tsara. Kamfanin da ya yi maganar kaiwa tan 220,000 a shekara nan da 2031, ya daɗe yana fama da cika zangon farko na kusan tan 10,000.

Toh me za ka duba? Kashi nawa ke mutuwa, kuma ana faɗa a fili ko sai an tono. Nauyin kifin a lokacin girbi, domin in ka ga ana kwashe shi yana kilo 2 maimakon 4 ko 5, ko dai wani abu ya lalace a ruwan ko kuɗi ake nema ido rufe, kuma ƙaramin kifi farashinsa a kilo ƙasa yake. Kilo nawa na abinci ke ba da kilo ɗaya na kifi, a salmon mai lafiya wajen 1.2 zuwa 1.3 ne, abinci kuwa shi ke cin kusan rabin kuɗin kiwo. Sai babban gwajin, ɗauko alkawarin da suka yi shekara uku baya na tan nawa za su girbe, ka ajiye gefen abin da suka girbe da gaske. Saɓawa sau ɗaya ƙaddara ce. Sau huɗu a jere hali ne.

Wani abu da ke ruɗa sababbin shiga, ƙa'idar lissafi ta IAS 41 ta sa kamfanonin da ke bin tsarin lissafi na ƙasa da ƙasa su yi wa kifin da ke cikin ruwa kuɗi bisa farashin kasuwa, in farashi ya hau sai ka ga "riba" a takarda alhali ko jela ba a sayar ba. Cinikin biri a sama ke nan. Nemi ribar aiki kafin a saka wannan gyaran, ka raba ta da kilon da aka girbe.

Na shida, bashi.

Mai hannun jari kamar magaji ne, sai an biya bashin mamaci kaf sannan a raba abin da ya rage, in ya rage. Ma'aikata, gwamnati, bankin da ke riƙe da jingina, masu kawo abinci, duk suna gabanka. Kuma kar lambar kadara ta ruɗe ka, tankin kankare da aka kashe wa miliyoyi, ranar gwanjo wa zai saya banda wani mai kiwon kifi, shi ma ya san a matse kake. Duba yaushe bashin zai cika, da sharuɗɗan da banki ya gindaya. In ka ga ana ta roƙon banki ya ɗaga ƙafa kan sharaɗi, ka san wuƙa da nama sun bar hannun shugabannin.

Wani lokacin ma bashin a ɓoye yake. Pescanova na Sifaniya, babban kamfani mai jiragen kamun kifi da gonakin kiwo a ƙasashe da dama, littafinsa na nuna bashin kusan yuro biliyan 1.5, da abin ya fashe a 2013 bincike ya gano ya haura biliyan 3. Aka dakatar da cinikin hannun jarinsa, mutane suka maƙale shekara huɗu ba saye ba sayarwa. A 2015 aka kafa Nueva Pescanova, bankuna suka kwashe kashi 80, tsofaffin masu hannun jari aka bar su da 20, a 2017 aka ƙara jari rabonsu ya koma ƙasa da kashi 2. Shugaban, Manuel Fernández de Sousa, kotu ta yanke masa shekara 8 a 2020, kotun ƙoli ta rage zuwa 6. Kifin bai daina zuwa kasuwa ba, kamfanin ya rayu, masu shi ne suka sauya. Alamar da za ta iya tsirar da kai a irin wannan, jinkirin fitar da rahoton shekara da rigima da odita.

Na bakwai gajere ne. Shugabannin saye suke da kuɗin aljihunsu ko sayarwa? Shi Fernández de Sousa ya sayar da wani kaso na nasa a watannin kafin fashewar. In mai kula da kuɗi ya ajiye aiki ba zato, saka alama.

Ga mai kula da halal da haram, kiwon kifi sana'a ce mai tsabta, matsalar bashin ruwa ne. Ma'aunin AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, da ake yawan bi ya ce kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga mara halacci kuma kada ya wuce kashi 5. Kamfanin da farashinsa ya rushe bashinsa na nan daram, da wuya ya tsallake wannan, tun nan ma wani zai rufe shafin. Ka yi lissafin ka kai wa malamin da ya san harkar kuɗi.

Mataki na ƙarshe naka ne, ba na kamfanin ba. Rubuta makoma uku a takarda: ya mutu ka tashi da sifili, ya rayu amma an tsarma rabonka sau biyar, ya warke ba tare da neman ƙarin kuɗi ba. Ba kowanne kaso cikin 100 bisa abin da ka gani a matakan baya, tsakaninka da Allah, ka lissafa. Ce 50 na farko, 40 na biyu inda naira ɗayanka ta koma kobo 40, sai 10 na uku inda ta ninka biyar. Sifili, da 0.16, da 0.5, jimla 0.66, wato duk nairar da ka zuba kobo 66 take a ma'auninka kai kanka. Ka tuna da canji ma, dala ta tashi daga kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024, wancan karon mai dala ya ci, amma abin na iya juyawa. Ka tambayi manhajar da kake amfani da ita me ke faruwa in an cire kamfani daga Nasdaq, za ka iya sayarwa ko a'a. In duk da haka zuciyarka ta nace, saka abin da in ya ɓace ba zai taɓa kuɗin haya ko na makarantar yara ba, kuma ka rubuta tun yau abin da in ya faru za ka fita, misali sanarwar buga sababbin hannayen jari ko wani mutuwar kifi, kar ka ce za ka ƙara saye don rage zafi.

Da safen ƙanin nawa ya zo muka zauna a tabarma da shayi, muka buɗe rahoton wata ukun kamfanin nasa a waya yana ta zuƙo rubutun da yatsa biyu. Ya raba ya samu wata bakwai. Muka nemo maganar girbi, babban zubin sai ƙarshen baɗi. Ya rubuta kalmomin nan biyu a wurin bincike suka fito sau tara. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi, can ya ɗago ya ce, "Yaya, tankunan nan naka na bayan gida, har yanzu ba sa yoyo?"